Ƙofa ta Biyar ta Tsohuwar Kasuwa

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin sauƙi. Yaya jiki? Yaya idon? Babba ya gaya mini an yi aikin lafiya, an naɗe maka rabin fuska da bandeji, kuma tun allurar barci ba ta gama sakinka ba ka fara yi wa ma'aikatan asibiti faɗa a kan yadda suke jera kwanukansu. Da na ji haka hankalina ya kwanta, na ce Maigida yana nan da ransa. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Ina gaida surukata da ɗawainiya, ina gaida jikokina.

Na zaɓi rubutu ne maimakon waya, domin a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Direban da ke kawo mana kaya zai riƙa kai maka, Babba ya karanta. Kai kuma Babba, ka karanta a hankali, likita ya ce kada a tayar wa ubanka da hankali har idon ya kama.

Ka aiko cewa in ba ka labarin kasuwa. Na lura ba ka ce in ba ka labarin matarka ba, amma ba komai. Kasuwa tana nan inda ka bar ta. Dandali bai matsa ba. Rumfunan nan masu lanƙwasasshen baka a sama suna nan a jere ta fuska huɗu, cikin ginshiƙansu na dutse babu wanda ya gudu. Rijiyar tsakiya tana nan a rufe da murfinta na ƙarfe, masu lemo sun mai da ita tebur kamar kullum. Agogon hasumiyar gidan awo har yanzu yana kan lokacin da ya tsaya tun ina amarya. Ƙofofi ma lafiyarsu lau: ta hatsi, ta gishiri, ta dabbobi, da ta masaƙa. Na ƙirga maka su da kaina, huɗu ne, kada ka tambaya.

Mai Aski na tsallaken dandali ya zo ya tambayi jikinka. Ya ce, "Maman Babba, yaya Ƙofa-Biyar? A roƙi likita ya gyara idon nan da kyau, ko Allah ya sa ya hango mana ita." Na ce masa zan isar da saƙo, ga shi na isar.

Babba, ka tashi ka tarar ana kiran ubanka da wannan suna, ban sani ba ko an taɓa gaya maka asalinsa. Kakarsa ce ta jawo mana. Ita ta ce masa wai tana yarinya ƙarama kasuwar nan ƙofa biyar gare ta, ta biyar ɗin siririya ce, ta mata masu ɗiban ruwa a rijiya, daga baya aka toshe ta. Da ya tambaye ta a ina take, sai ta ce tana kallon rijiya. To wane shago ne a dandalin nan ba ya kallon rijiya? Tun daga nan ubanka ya shiga nema. Babu bangon da bai ƙwanƙwasa ba. Ya je gaisuwar mutuwa shagon mai takalma, aka kama shi ya manna kunne a bango. A ƙarshe ya tsaya a kan shagon Mai Aski, wai rufinsa ya fi na kowa tsawo, kuma idan aka yi tari a ciki yana amsawa. Sai da ya yi wata guda yana zuwa aski kullum, alhali ka san kan ubanka, babu abin da aska za ta yi a kai, don kawai ya kwanta a kujera ya kalli rufi.

Rannan a taron ƴan kasuwa ya miƙe ya ce a yi alkawari: duk ranar da aka samu ƙofa ta biyar a buɗe ta, ko shagon wa ta faɗa. Yana faɗa yana kallon Mai Aski. Har ya bugi ƙirji ya ce, "Ko da nawa ne!" Mutane suka ɗaga hannu suna dariya, domin yunwa suke ji kuma sun san ba zai zauna ba sai sun ɗaga. Wannan shi ne tarihin gidanku.

Maigida, ciniki ba laifi. Abu ɗaya ne: ruwan saman nan ya jiƙa bangon baya, kusa da babbar kantar da muke jera tukwane. Na san ka ce kada a taɓa ta, tun da mahaifinka ya kafa ta ba ta motsa ba. Ba zan taɓa ta ba. Zan dai kira kafinta ya ɗan ja ta gaba kaɗan, a shafa fenti, a mayar. Ina so idonka ya buɗe a kan abu mai kyau.

Ka riƙa cin abinci, ka daina gardama da likita, shi ya yi karatun.

Taka har kullum,
Maman Babba

Zuwa ga Maigida,

Ina gaishe ka da jiki, ina fata an samu ƙarin sauƙi. Yaya kwanan asibiti? Yaya surukata da yara? Na ji an sallame ka zuwa gidan Babba amma bandeji sai an jima. Madalla.

Da farko ka sani babu wanda ya mutu, babu wanda ya karye. An fara aikin fenti, kuma shago ya yi haske fiye da yadda na yi zato. Kasuwa lafiya. Ni ma lafiya. Ka huta sosai.

Babba, daga nan ka yi shiru. Ka ce masa tawada ce ta zube. Abin da ke ƙasa naka ne kai kaɗai.

Na shiga uku. Kafinta ya zo, ya duba kantar, ya ce ba a kafe take da ƙusa ba, cusa ta aka yi tsakanin bango da bango. Na ce to ja ta a hankali. Ya ja a hankali, ita ce ba ta zo a hankali ba. Gaba ɗaya ta rufto, da tukwane, da kwanuka, da farantai, da butocin shayi. Ƙarar da aka ji, masu awo sun ɗauka hasumiya ce ta faɗi. Wani murfin tukunya ya fita da gudu ya ratsa dandali, sai a gindin rijiya ya kwanta, mai lemo ya dawo mini da shi. Ni ina tsaye da tsintsiya, kafinta yana ƙarƙashin baho yana salati.

Da ƙura ta lafa sai muka ga yaɓen bangon baya ya biyo kantar. A bayansa ga wasu manyan duwatsu sassaƙaƙƙu, an jera su sun tashi daga ƙasa sun lanƙwaso sun haɗu a sama, baka sosai irin na Ƙofar Gishiri, sai dai wannan siriri ne. Tsakiyarsa an cike da jan bulo, aikin gaggawa, ko jeri bai yi ba. Hagu da dama ga ramuka da guntun ƙarfe mai tsatsa, inda ƙyaure yake rataye a da. Na ce wa kafinta, "Wannan tsohon kabad ne." Ya ce, "Mama, kabad ɗin da raƙumi zai shiga?"

Bai tsaya nan ba. Inda kanta ta fasa siminti, sai ya sa guduma ya ɗaga ɓallin, don ya gyara. Ga wani dogon dutse a kwance, tsakiyarsa ta lotsa ta yi santsi kamar cikin cokali, sawun mutane ne ya cinye shi. Dokin ƙofa ne, Babba. Kuma ka san abin da ke kansa? Kujerar ubanka. A nan yake zama tun kafin a haife ka, yana shan shayi, yana hararar shagon Mai Aski.

Kafin in rufe shago mutane sun cika. Mai Aski ya zo da aska a hannu, ya baro wani bawan Allah da rabin kai, shi ma mai rabin kan ya biyo shi da zane a wuya. Ya kutsa ya shigo, ya dubi baka, ya dubi dutse, ya dubi kujera. Har na fara jin tausayinsa. Sai ya ce a ba shi ruwa. Ya sha, ya ajiye kofi, ya zauna a ƙasa cikin kwanuka, ya fara dariya. Babba, ban taɓa ganin dattijo ya yi irin wannan dariya ba. Hawaye, majina, yana dukan tukunya da tafin hannu. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Maman Babba, me ya ce rannan? Ko da na wa?"

Na kore su duka, na rataya zanen gado a bangon. Amma zanen gado ba ya rufe bakin kasuwa. Kafin la'asar har yara suna leƙe, wata ma ta zo ta ce ita ba tukunya take so ba, ƙofa ta zo gani. Na sayar mata da ludayi dole.

Ka san shagon nan shi ne cinmu, shi ne shanmu, da shi aka yi karatunku. Idan aka buɗe ƙofar, hanya zai zama. Kada ka bari ubanka ya ji ko kalma ɗaya har sai na san abin yi.

Yanzu ka ɗaga murya. Maigida, ina yi maka addu'a kullum. Ka gaida kowa.

Taka,
Maman Babba

Zuwa ga Maigida, da kuma maci amanar da ke karanta masa,

Ina gaishe ku. Yaya jiki, Maigida? Kai kuma Babba, ban tambayi lafiyarka ba, da gangan. Surukata ta kira ni ta gaya mini komai. Wai kana isa wurin tawada sai dariya ta kama ka, ubanka ya ce tawada ba ta da ban dariya, ya riƙe maka wuyan riga har ka karanta. Wai ya miƙe da bandeji zai tafi tasha, ya buɗe ƙofar banɗaki ya shiga yana kiran mota. Allah ya shirye ku, ku biyun.

Direba ya kawo mini saƙonka guda biyu, Maigida. Na farko: in je tsakiyar dandali in gaya wa kowa cewa ka faɗa musu. Na biyu: duk wanda ya taɓa maka shago kotu ce za ta raba ku. Na tambayi direba wanne ka fara faɗa, ya ce a numfashi ɗaya ka faɗe su. To ni wanne zan ɗauka?

Ga abin da ya faru. Mai Aski da ƙafarsa ya je ofishin masu kula da tsofaffin gine-gine, mutumin da ko asibiti sai an ɗauke shi. Suka turo wata injiniya, mace mai hular kwano da fitila a goshi, ƴar siririya mai ladabi. Ta durƙusa ta gaishe ni kafin ta fara rusa mini rayuwa. Ta auna, ta ɗauki hoto, ta shafa bango kamar mai lallashin jariri. Ta ce ban taɓa lura shagonmu ya fi na maƙwabta tsawo ba, kuma ya fi su matsi? Na ce na lura, kullum gwiwata tana gaya mini. Ta ce ai ba shago ba ne, zauren wucewa ne. Ta kankare fenti a bangon gefe, ta sa na taɓa: daidai kafaɗa dutsen ya yi sumul tun daga baki har ƙurya, wai guga ce ta mata masu tulu da suka riƙa bi ta nan. Sitonmu na hagu, inda muke tara kwali, ɗakin mai gadin ƙofa ne, ƴar tagar nan da ka toshe da tsumma ta nan yake leƙen masu shiga. A ganinta, da aka kai famfo unguwar baya aka rufe rijiya, sai ƙofar ta zama ba ta da aiki, hukuma ta toshe bayan, ta ba da wurin haya. Ta ce sauran ƙofofin an gina su da faɗi saboda dabbobi da buhuna, wannan kaɗai aka gina daidai mutum. Ta ce, "Mama, wanda ya ce biyar ne ya san kasuwar nan." Na ce yana gidan ɗansa, yana neman mota a banɗaki.

Ta ce ofishinsu ba ya ƙwace wuri, sai abin da ƴan kasuwa da mai shago suka yarda. Don haka aka kira taro a ƙarƙashin gidan awo.

Maigida, da ka ga abin da ya faru, da idon ya warke don haushi. Mai Aski ya miƙe, ya gyara murya irin taka, ya ɗaga yatsa irin naka, ya ce, "Jama'a, kasuwar da ta manta ƙofarta ta manta uwarta!" Maganarka ce, kalma da kalma, wadda ya yi shekaru yana kwaikwaya don a yi dariya. Ashe ya haddace. Ya kawo zancen kakarka, ya kira ta "wannan baiwar Allah mai gaskiya", matar da ya taɓa cewa mafarki ta yi. Ya tuna musu alkawari. Ya bugi ƙirji a daidai inda kake bugun naka.

Ni kuma na miƙe in kare shago. Ban shirya komai ba, sai na ji bakina yana cewa, "Wane mai hankali ne zai gina kasuwa mai kusurwa huɗu ya yi mata ƙofa biyar? Kowane tsohon bango a garin nan idan ka kankare shi za ka ga baka. Zancen tsohuwa ne kawai!" Aka fashe da dariya, aka yi tafi. Na ƙara, aka ƙara. Mai takalma ya ce a bar wa baiwar Allah shagonta. Mai gishiri ya ce alkawarin ma ai wasa ne, kowa ya san Ƙofa-Biyar. Na ga alama ina cin nasara.

Sai na gane dariyar. Ita ce wadda ake yi maka. Ita ce nake jiyowa daga shago ranar taro, in ga ka dawo ka zauna, ka ɗauki tsumma kana goge tukunyar da ba ta da datti. Kuma maganar da na faɗa, ta Mai Aski ce, ni ma ashe na haddace. Na koma na zauna. Shugaban ƴan kasuwa ya ga haka, ya ce a ɗage taro zuwa wani mako.

Da na fito ban koma shago ba. Na bi ta Ƙofar Gishiri na zagaya bayan kasuwa, abin da ban taɓa yi ba. Tafiya ce mai nisa, ta bayan rumbuna, ta gefen kwata, sai da na zauna na huta a hanya. Na tarar da wani lungu da ya miƙe sak ya zo ya ƙare a jikin bango, an mai da ƙarshensa juji. Bangonmu ne. Ta wannan gefen ko yaɓe babu. Baka yana nan a fili, kowa na gani, a dutsen samansa har an sassaƙa hoton tulu. Awaki suna kwance a ƙarƙashinsa. Maigida, ka ƙwanƙwasa bangon kowa a kasuwar nan, ba ka taɓa zagayawa ka ga bayan naka ba.

Wata tsohuwa ta fito da kwando za ta cefane, ta ga ina kallon sama. Ta ce, "Ke ma ƙofar kika zo gani? Da a buɗe take, da yanzu na je na dawo." Na ce tun yaushe suka san ƙofa ce? Ta ce tun da aka haife su, ai sunan lungun ke nan, Bakin Ƙofa. Na ce me ya sa ba su taɓa faɗa ba? Ta ce ba wanda ya tambaye su. Na taya ta ɗaukar kwandon muka zagayo tare, tana tsayawa tana dafa bango.

Ban san abin da zan ce a taro ba. Idan na ci, shago namu ne, kai kuma ka zama mai zancen banza har abada, da bakin matarka. Idan na faɗi, ka yi gaskiya, mun rasa wurin zama. Kada ka aiko da saƙo, na san biyu za ka aiko.

Matarka,
Maman Babba

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa mai yawa da murna. Surukata ta ce an kwance bandeji, kuma abu na farko da ka gani shi ne labulen falonsu a karkace yake. Alhamdu lillahi. Wannan takardar da idonka za ka karanta ta, don haka babu tawadar da za ta zube. Ka zauna tukuna.

An yi taro. Mai Aski ya zo da sabuwar hula da dogon jawabi. Ban bari ya fara ba. Na miƙe na ce, "Mijina ya ce ƙofofin kasuwar nan biyar ne. Kun yi masa dariya, ni ma rannan na sa kun yi. To biyar ne. Ya ce ko da nasa ne a buɗe. Nasa ne, a buɗe." Mai Aski ya tsaya da baki a buɗe, an ƙwace masa faɗa a hannu. Mai takalma ya ce, "Maman Babba, kin yi shawara da shi?" Na ce da shi na yi, tun ranar da ya bugi ƙirji.

Amma ban bayar a banza ba, kada ka ɗauka haukan ya kai nan. Na ce ɗakin mai gadi namu ne, a fasa ƴar tagar ta zama wurin miƙa kaya, kuma ba mai kasa ko tsinke a cikin zauren sai mu. Injiniya ta ce ya yi, dama mai gadi a nan yake. Na ce kuma wanda ya kai ƙara ofis shi zai kwashe tukwane. Aka ɗaga hannu, wannan karon ba don yunwa ba. Mai Aski ya yini yana jigila da baho a ka, yana cewa bayansa, ina cewa a hankali da murfi.

Gaskiya zan gaya maka, wurin ƙarami ne. Idan na shiga, sai na fito sannan in juya. Rabin kaya bai shiga ba. Manyan tukwane suna gida, na jera su a gefenka na gado, idan ka dawo sai ku sasanta. Ranar da na cire hoton mahaifinka daga bango, na zauna a kan kwali na yi kuka mai isata. A shagon nan na yi goyon yaran nan duka, a ƙarƙashin kanta Babba ya koyi rarrafe. Ban ce ba zafi ba.

Magina sun cire bulon ɗaya bayan ɗaya, injiniya tana tsaye a kansu kamar uwar amarya. Da yamma suka cire na ƙarshe. Maigida, rana tana gab da faɗuwa, sai haske ya shigo ta bakan nan, ya bi ta zaure, ya fita dandali a miƙe kamar an shimfiɗa tabarma, ya je ya sauka a kan rijiya. Masu lemo suka daina ciniki. Ashe abin da kakarka take nufi ke nan da ta ce tana kallon rijiya. Ta ɗaya gefen kuma matan lungu sun share juji, sun kori awaki, sun yi cirko-cirko suna leƙowa, mu ma muna leƙensu, kamar dangin da aka daɗe ba a haɗu ba, kowa na jin kunya.

Akwai labari mara daɗi, gara ka ji daga bakina. Duk wanda ya shigo ta ƙofar, idan ya miƙe ya wuce rijiya, a shagon Mai Aski yake faɗawa. Mazan unguwar baya duk sun koma aski wurinsa, har benci ya ƙara. Kuma ya fara tare baƙi yana ba su tarihi, wai shi tun da daɗewa jikinsa yake ba shi. Jiya na ji yana gaya wa wasu ɗalibai cewa kakarsa ce ta ba da labari. Na jefe shi da ludayi, ban same shi ba. Wannan aikin naka ne.

Hukuma ta so a yi bikin buɗewa, da kujeru da lasifika. Na ce sai mai ita ya dawo. Suka ce ba za a tsare hanya saboda mutum ɗaya ba. Na ce ban tsare ba. Na sa kafinta ya gicciya katako ɗaya a bakin ƙofar, daidai ƙirji, ya buga masa ƙusa mai kyau. Kowa na wucewa, amma sai ya sunkuya. Mata da kwanduna suna sunkuyawa, masu awo suna sunkuyawa, tsohuwar nan kaɗai ce take wucewa a miƙe, don ba ta kai ba. Babban jami'in hukuma ya zo dubawa yana waya, bai gani ba, ya bugi katako hularsa ta faɗi cikin kwanukana. Ya ce wa ya sa wannan? Na ce ni. Ya ce a cire yanzu. Na ce guduma tana hannun mijina, mijina yana hanya. Ya dube ni, ya dubi taron matan da ke bayana, ya ɗauki hularsa ya sunkuya.

Don haka ka yi sauri. Gari guda yana rusuna wa shagonka safe da yamma, wasu sun fara kukan ciwon baya. Ka shigo ta lungun baya, kada ka biyo ta Ƙofar Hatsi. Ka sa farar rigarka. Ni zan tsaya ta ciki.

Ka gaida Babba, ka ce na yafe masa. Ka gaida surukata da jikokina. Allah ya kawo ka lafiya.

Taka har abada,
Matar Ƙofa-Biyar